Mai Bin Sawu

Ƙarfe ɗaya na dare a Unguwar Dosa.
Nepa ta ɗauke, janareton maƙwabci na tari.
Manhajar da na haɗa wa kemis ɗin Malam Ilyasu
ta koma tafiyar hawainiya:
a danna, a jira, a ƙara jira,
har mai ciwon haƙori ya dafe kunci
ya tsallaka titi zuwa wani shagon.

Kwana uku ina zargin Bitrus.
Shi ya rubuta sashen lissafin kaya,
layuka cunkus, kamar Kawo ranar Talata.
Na kira shi na faɗi son raina.
Ya yi shiru daga can Barnawa,
sannan ya ce, auna tukuna.

Sai na saki mai bin sawu cikin manhajar.
Ba shi da ɗan'uwa, ba ya cin goron kowa.
Zama yake kamar ɗan kamasho a bakin tasha
yana ƙirga wanda ya shiga,
sau nawa, ya ɗauki lokaci nawa.
Da ya gama ya zana mini harsunan wuta,
ja da ruwan ɗorawa,
kowane harshe da sunan mai shi.

Na Bitrus siriri ne, tsinken tsire.
Mai faɗin nan da ya cinye allo
nawa ne.
Ɗan layi, kalma shida,
na rubuta shi wata Asabar ina saurin zuwa kallon ƙwallo.
Aikinsa kawai ya je rumbun bayanai
ya tambayo farashin magani.
Ya je, ya dawo, ya manta, ya koma,
sau dubu arba'in da ɗari biyu da sha bakwai,
tambaya ɗaya, amsa ɗaya,
kamar yaron da aka aika sayen gishiri ƙwaya-ƙwaya.

Laifi tudu ne, na taka nawa tun Litinin.

Na ɗinka masa aljihu ya riƙa ajiye amsa.
Daƙiƙa sha ɗaya ta dawo ƙiftawar ido.
Na rubuta wa Bitrus: ka yafe ni, ni ne.
Na goge, na sake rubutawa, na tura haka.

Janareton ya mutu, sauro ya karɓi aiki.
Na zauna da hasken allo a fuska
ina tunanin da za a saki mai bin sawun nan
cikin yinina guda,
ba hanya ce za ta fi faɗi ba, ba aiki ba.
Lambar Baba ce, wadda har yau ban goge ba,
da nake buɗewa in duba in rufe,
wata tara da rasuwarsa.
Ita kam na san amsarta,
aljihun ne ya ƙi ɗinkuwa.

An kira assalatu a masallacin layinmu.
Waya ta yi ƙara. Bitrus ne:
shayi da ƙwai biyu, kai za ka biya.