Bunsurun Layin Apapa

Kwananmu shida a layin tanka,
Apapa ta riƙe mu kamar mai bin bashi.
Gaba mota, baya mota,
sama gada, ƙasa kwata,
rediyon Barau ma muryarta ta dushe.

Sai Nomau ya zaro littafin awon mai,
rabinsa lissafi, rabinsa fari fat,
ya ɗaura masa biro da zaren buhu,
ya ce, "Ku zo mu yi ƙaryar karo-karo.
Kowa jimla ɗaya, ya miƙa wa motar baya.
Ba a goge ta wani.
Ba a kashe bunsuru."

"Wane bunsuru?"
"Wanda zan haifa yanzu."

Ya rubuta: bunsuru ya faɗo daga tirela a Ojota,
ya rantse da gemunsa sai ya koma Gusau.

Barau ya saka masa tabarau.
Talle yaron mota, mai rubutu kamar tonon kaza,
ya cusa shi a danfo ba ko sisi,
kwandasta na ihu, shi yana cin tikiti.

Malam Sidi bai yarda da boko ba,
ya yi tasa da ajami, daga dama zuwa hagu,
muka ce to, bunsuru ya yi ribas ke nan,
tafiyar wuni guda ta tashi a banza.

Iya Ronke mai shinkafa ta ce a rubuta mata:
ya shiga rumfar waccan ta tsallaken titi
ya cinye mata ganye kaf.
Ta ƙara mini nama don in ja layi a ƙarƙashi.

Chike bakanike jimlarsa ba ta fito ba,
yatsansa ne ya bar tambarin baƙin mai.
Muka duba, muka duba,
Nomau ya ce, "Dare ne ya yi a labarin."
Dole bunsuru ya kwana a Oshodi.

Ran na takwas Bawa ya kawo fitina:
ga mahauci daga Agege yana wasa wuƙa.
Aka yi shari'a a inuwar tanki,
alƙali na zaune kan taya.
Bawa ya ce, "Ni ban yanka ba, wasawa na yi."
Gaskiyarsa. Amma biro na hannun Talle,
ya rubuta: ashe rake zai fere wa baƙonsa.
Har yau Bawa bai huce ba.

Ni ne na arba'in da uku.
Littafin ya iso ni yana warin dizal da manja,
gefensa ya sha ruwan sama ya kumbura.
Bunsuru na tsaye a tsakiyar doguwar gada,
lagun a hagu, lagun a dama,
tabarau ya tsage, ga wasiƙa a bakinsa
wadda ba wanda ya faɗi ko ta wace ce.

Na ciji biro. Na tuna ƙofar gidanmu,
da 'yata Hansatu mai tambaya a waya,
"Baba, yau layin ya motsa?"
Na sa hannu zan rubuta sunanta,

sai hon ya tashi tun daga bakin depo.
Layi ya motsa! Kowa ya ruga,
butoci na faɗuwa, tabarmi na tashi,
na cilla littafin ta tagar wata Daf
mai lambar Maiduguri, ban ga direban ba.

In ka ci karo da shi a wani layin,
shafi na sha tara, jimlar da ba ta ƙare ba,
tawa ce. Ƙarasa mini.
Dokar dai tana nan:
ba a gogewa,
ba a kashe bunsuru.