Kunya Uku

Ruwan shuka ya sauka daren Laraba.
Da asuba na saɓi sungumi, na bi ta gindin dutsen Roni,
sai na tarar Jatau ya riga ni da shanunsa,
ya huɗe kunya biyu cikin abin da nake kira nawa.

Ban ce masa uffan ba. Kada ka ɗauka haƙuri ne.
Binne maganar na yi kamar garwashi a toka,
ina jiran Lahadi, ina jiran majami'a ta cika,
in ga inda zai sa fuskarsa a gaban dattawa.

Ni ne fa mai karatun safe a ikilisiyarmu,
ni ke riƙe da makullin akwatin baiko.
Bencina na gaba, kusa da taga mai iska,
in na yi gyaran murya har matan zumunta kan yi tsit.
Jatau kuwa can baya yake, bakin ƙofa,
inda awaki ke leƙe, inda rana ke dukan ƙeya.

Damaris na kwashe tuwo ta ce,
"Maigida, guga ba ya cika sai ya sauka."
Na ce mata rijiya daban, gona daban.
Ta rufe akushi, ba ta ƙara ba.

Lahadin ta zo da Jibin Ubangiji,
ni aka miƙa wa faranti in zaga.
Layi-layi na bi har bakin ƙofa.
Ya buɗe tafinsa, duk kanta, ƙasa a farce,
ya dube ni ba tsoro, ba ƙullin zuciya.
Sai na tuna Wanda ya tuɓe riga ya yi ɗamara,
ya durƙusa a kan ƙafafun masunta,
har da ƙafar wanda zai sayar da shi a daren.
Maganar da na wasa kwana huɗu
ta tokare maƙogwaro kamar ƙayar tarwaɗa.
Aka tashi ban furta ba.

Amma zuciya ba ta saki ba.
Litinin na ɗauki hauya in tono dutsen iyaka
da Baba Kefas ya binne shekarar rabon gado,
in riƙe hujjata ko da ba zan yi shela ba.
Na haƙa gindin gamba, babu.
Na ja baya kunya ɗaya, babu.
Na ja, na ja, gumi na cin ido,
sai ƙarfe ya ce ƙwal
a kunya ta biyar, can cikin shukata.

Shekara tara ina kai dawar Jatau rumbuna,
ina fitar da zakkarta, ana sa mini albarka.

Na same shi yana ba shanu harawa.
Na ce, "Ka sani?" Ya ce, "Na sani."
"To me ya rufe maka baki?"
Ya ce, "Bakunan gidanka sun fi nawa yawa.
Bana ne ƙanena ya tafi ya bar mini huɗu,
shi ya sa na taɓa biyu. Ukun ka riƙe."

Kunya uku ya bar mini a gona,
ta huɗu ta lulluɓe ni tun daga kai har ƙafa.

Ba zan ce yau na zama mai tawali'u ba.
Girman kai ƙuduji ne:
furensa gwanin kyau, saiwarsa na shan dawa a ɓoye,
ka cire bana, baɗi ya sake leƙowa.
Makon jiya na zauna bakin ƙofa kusa da Jatau,
sai na kama kaina ina satar duba ko an lura.

Ya Yesu, ga hauyar, ga gonar.
Hannuna kaɗai ba zai gama noman nan ba.