Takardar Fili

A bankin Garwa sun ba ni kujera,
sun ba ni ruwan sanyi,
sannan suka ce: ina takardar fili?
Ni mangwaro gare ni,
tuli guda yana ruɓewa a bakin Binuwai,
da injin busarwa da na zana a bangon littafi.

Da dare na nemo 'yan ɗakinmu na Dang,
mu huɗu da risho ɗaya.
Dijatu na duba shanu a Marwa.
Astajam na lissafin kamfani a Duwala,
ita ma ta fi bankin tsanani:
"Nawa kilo? Wa zai saya?
In damina ta zarce fa?"
Har na yi fushi.

Mako uku tana mayar min da takarda.
Sannan sefa ta shigo waya
da sunan hannun jari,
da sa hannu, da shaidu.

Kulsumi ba ta da ko dala,
ta turo lambar wani mai kanti a Kusiri.

Jiya wata 'yar aji uku ta kira ni,
muryarta na rawa.
Na ce: karanto min lissafinki tukuna.