Littafi Mai Bango Shuɗi

Ran Asabar na sayi littafi a Farin Gada,
mai bango shuɗi, da fensir guda.
Na sa sunana a gindin shafi,
na babana a bisa,
na ja layi tsakaninmu kamar igiyar shanya.
Nan hannuna ya tsaya.
Maikuza muke amsawa a makaranta da asibiti,
amma kuza dutse ce,
ba da ita aka yanka rago ba.

Na shiga keke zuwa Gangare.
Iya Tabawa na fere dankali,
ƙafafunta a jikin kaskon wuta.
Na ce, "Iya, mene ne sunan kakana na yanka?"
Wuƙa ta tsaya.
Ta dube ni kamar na taka tabarmar salla da takalmi.
"Shekara hamsin ban faɗa ba yana jina,
sai yau da ƙasa ta rufe masa ido?
Rubuta mai gidan nan.
Rubuta wancan mutumin."
Na rubuta: Wancan Mutumin.
Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

Da ƙafa ta turo mini adakar ƙarfe.
A ciki akwai takardar haraji,
gara ta cinye sunan, ta bar mini sule goma;
da lambar tagulla ta leburan kamfani,
ɗari huɗu da sha bakwai;
da hoto guda, damina ta lashe fuskar,
sai hula da kafaɗu
da hannu mai kaushi a kan gwiwa.
Na daɗe ina kallon hannun.
Babban yatsan a karkace yake, irin nawa.

Malam Cindo tela, can bakin Dilimi,
ya ce uban kakana daga Kazaure ya taho a ƙafa.
Baba Jatau mai gyaran rediyo ya ce ƙarya ne,
daga Zariya, a ƙaramin jirgi, da buhu ɗaya.
Suka yi ta musu har shayina ya huce.
Na rubuta duka biyun da fensir.
Abin da na fara koya ke nan:
kada ka je gaban tsofaffi da biro.

Na koma wurin Iya da goro da man zafi.
Ban tambaya ba, na zauna ina taya ta fira.
Can da magariba, idonta na kan garwashi,
ta ce, "Wane annabi ne kifi ya haɗiye?"
Na ce, "Yunusa."
Ta ce, "Kai ka faɗa."

Yunusa.
Kullum da asuba rami ya haɗiye shi,
da yamma ya tofo shi, jajir da laka,
har ramin ya gaji, ya cika da ruwa,
ya zama tafkin da ake hana yara zuwa.

"Uwarsa fa, Iya?"
Wannan kam ba nauyi a bakinta.
"Chundung. 'Yar Gyel ce.
Ita ta koya mini gwaten acca,
wanda kuke sha kuna cewa na gidanmu ne."

Gyel.
Rabona da can tun shekarar da muka koyi
wace hanya ake bi, wace ce ba a bi.
Ashe layin da na ja da fensir
ya riga ni tsallakawa.

Yanzu mutum biyar ne a shafin,
da alamar tambaya uku,
da tabon mai inda Iya ta dafa.
Asabar mai zuwa zan hau motar Bukuru.
An ce akwai wata tsohuwa kusa da coci
da ta san duk wanda aka haifa kafin zuwan lantarki.
Ban san gaisuwarsu ba tukuna.
Zan riƙe hoton, da sukari mudu ɗaya,
in ta ce wane ne kai,
in miƙa mata babban yatsana.