Dattijo Yana Yoyo

Kowace safiya, kafin in ce wa kowa ina kwana,
sai na durƙusa a zaure na duba ƙasa.
Ga shi nan kuwa:
baƙin tabo, faɗin kwabon da,
daidai ƙarƙashin cikin Dattijo.

Dattijo babur ne. Ya girmi ɗana na fari.
Yayana Gado ya saye shi shekarar da albasa ta yi kuɗi,
ya hau shi har gwiwa ta ƙi,
sannan ya miƙo mini makulli ɗaure da tsumma,
ya ce, "Shan mai kam ba ya yi. Zubarwa ce dai."

Zubarwa ce dai!
Daga Jega zuwa Aliero, buhu biyu a baya,
duk inda na tsaya sai ya sa hannu.
Kulu ba ta tambayata inda na biya;
ƙofar mai tsire ta riga ta shaida,
ɗigo huɗu, wato na daɗe.
Mai bina kuɗin taki ma ya daina aike,
sawun baƙin mai yake bi, kamar maharbi.

Na fara da abin da jahili ke farawa:
na ɗaure noti, na ƙara ɗaurewa,
har na ji ya yi laushi a hannuna,
zare ya cinye.
Na liƙa sabulu. Na liƙa gam.
Ya yi shiru kwana ɗaya, don kunya,
rana ta take, ya ci gaba da kukansa.

Ranar da ba kasuwa
na tura shi gindin dogon yaro, wurin Arzika,
wanda farcensa bai ga fari ba tun yana yaro.
Ko sifana bai ɗauka ba.
Ya wanke injin da kananzir, ya bar shi ya sha iska,
ya aika gidan mai ƙosai aka ɗebo toka,
ya barbaɗa, har Dattijo ya yi furfurar gaske.
"Tada shi." Na buga.
Muka tsugunna mu biyu,
kamar masu jiran ƙwai ya ƙyanƙyashe.

Can sai toka ta soma baƙi,
ba inda nake zargi ba,
sama, wajen murfin kai, siririn layi
yana gangarowa, yana bin lungu,
ya zo ya ɗiga ta notin da na kashe da ɗauri.
Arzika ya tofar da asuwaki, ya ce,
"Hawaye a haɓa suke ɗiga,
amma ba haɓa ke kuka ba."

Fakin ya bushe, ya karye kamar ɓawon gyaɗa.
Irin nasa babu a shago.
Ya ɗauko kwalin sukari, ya kifa a kai,
ya bi gefe da ƙaramar guduma,
ƙwas, ƙwas, ƙwas,
har siffar ta faɗo da kanta.
Ya sa sabon washa, ya yi wa noti sabon zare.
"In za ka ɗaure, yi kamar gaisawa da suruki:
a kama, kada a matse."
Na biya shi, na ƙara da rabin kwandon albasa.

Da dare na shimfiɗa kwali a ƙasa.
Da asuba, fari fat.
Kwana tara, fari fat.
Kulu ta koma tambayata inda na biya.
Gado ya zo da sandarsa, ya leƙa zaure,
ya daɗe yana kallon ƙasa,
ya ce, "Wannan na waye?"

Rana ta goma, ɗigo ɗaya,
bai fi ƙwayar gero ba.
Ban gaya wa Arzika ba.
Na zaro sandar awo, na goge a gefen wando,
na ƙara masa murfi biyu,
na ce, to, mu je,
albasa ba ta jira.