Tikiti Huɗu

A gwangwanin maɓallai na tsince su,
ƙarƙashin mataccen zik da tsohon rasit na wuta,
guda huɗu, ruwan ɗorawa,
robar da ta ɗaure su har ta narke a jikinsu.
Goma na saya bara waccan,
ranar da Hajiya Barira ta biya ɗinkin suna ba ta nemi ragi ba.
Mai sayarwa ya ce goma sun fi araha,
kuma ba sa lalacewa, kamar gishiri.

Shida muka ci.
Sai keken ɗinki ya tsaya, sai tiyar masara ta tashi,
sai damina, sai jarrabawa,
sai "mako mai zuwa" ya yi 'ya'ya har da jikoki.

Ran Asabar na ce, Ukasha, sa takalminka.
Daga Tudun Wada muka tari mai keke,
gwiwar yaron tana zungurin bayan direba har Ƙofar Doka,
ban lura ba.
Ni da nake auna kafaɗun mutane tun hantsi,
ni da na saki kalmasar wandonsa sau biyu a bana,
ban lura ba.

A ƙofar lambun wasan akwai allo
da zanen raƙumin dawa, jan layi a wuyansa.
Mai karɓar tikiti ta ce, tsaya nan.
Ya tsaya.
Ya ɗan rage tsawo, ya lanƙwasa gwiwa,
domin ni, na sani, ba domin lilo ba.
Duk da haka layin a kunne ya tsaya masa.
"Baba, wannan ai babba ne. Sai a cika kuɗi."

Babba.
Kalmar da nake ta tanadi in faɗa masa da bakina,
wata rana bayan isha, mu biyu a kan tabarma,
ga ta ta fito daga bakin baƙuwa mai taunar cingam.

Na laluba aljihu: kuɗin komawa, da ɗari biyu.
Na shiga ciniki kamar ina Sabon Gari gaban mai yadi.
Yara huɗu ba za su haɗu su tashi babba ɗaya ba?
Ta ce ita ba a koya mata wannan lissafin ba.

Ya ja hannun rigata.
Muryarsa ta tsage a tsakiyar magana,
rabi ta yaron da na goya a wuya,
rabi ta wani mutum da ban gama sani ba:
"Bar shi, Baba. Dama jirgin nan ba ya zuwa ko'ina."

A gindin shinge mai awara tana juya kasko,
'ya'yanta uku sun manna hanci da waya.
Bai shawarce ni ba.
Ya durƙusa ya gaishe ta, ya nemi izini,
ya jera su gaban raƙumin dawa ɗaya bayan ɗaya,
ƙaramar ko ƙirjinsa ba ta kai ba.

Da jirgin ya tashi da ƙararsa ta gwangwani,
sai ga Ukasha riƙe da silifa shida,
daidai inda nake tsayawa da,
yana ɗaga hannu duk zagaye,
yana cewa ku riƙe ƙarfen da kyau.
Kalmomina ne. Ban san ya adana su ba.

Mai awara ta ƙunsa mana ta ɗari uku, ta ƙi karɓar ko sisi.
Muka ci a hanya, yaji yana sa ni hawaye.
Yaji ne.

Na huɗun ya biyo mu gida.
Da dare na ga ya ninke shi sau uku,
ya cusa ƙarƙashin ƙafar keken da ke girgiɗi tun azumi.
Ya taka, ya saurara, ya ce yanzu ya zauna.

Gobe akwai sabon wandonsa a kan layi.
Zan bar kalmasa mai faɗi.