Kwano da Faifai

A Tudun Adum, bayan garejin Nomau,
inda inuwar bedi ke jingina da bango in hantsi ya yi,
nan muka kafa murhu.
Duwatsu uku na Adar, jajaye, masu taurin kai,
da tukunyar da Cima ta gada wurin uwarta,
wadda ta ga suna, ta ga biki,
ta ga sadakar bakwai har ta bar ƙirga.

Ni aka miƙa wa littafi,
wai don na koyar da lissafi a lakwal shekara talatin.
Sahiya, hatsi tiya biyu.
Zali, albasar Galmi rabin ƙwarya.
Agali ya sauke itace daga amalanke,
ya ce kada a rubuta.
Na rubuta.
Ɗan Kuluwa ya aiko jikka biyar daga Abijan,
ta cire na magani,
saura ya iso ƙulle a bakin zane, da ɗumin jikinta.

Doka ɗaya Cima ta kafa:
kowane kwano ya shigo da faifai a kansa.
A ɗaki ake buɗewa, bayan labule,
hannunta da idona, ba na uku.
Mai kawowa da mai zuwa haka nan
tafiyarsu ɗaya ce a tsakar gida,
kuma ludayi bai san sunan kowa ba.

Sai watan da rumbu ke amsa kuwwa ya kama.
Gero ya kai ƙugu a gona, bai yi kai ba,
farashin tiya a kasuwa kuwa ya yi kai har da wuya.
Muka ƙara zogale, muka rage mai,
dambu ya koma kore shar.
Yara suka ci, ba su tambaya ba.

Ran wata Laraba Balki ta shigo
tana karkata kafaɗa, kamar mai ɗauke da nauyi.
Cima ta ɗaga faifai.
Rairayi ne.
Rairayin ƙorama, tankaɗaɗɗe, ba ko tsakuwa.
Alƙalamina ya tsaya a sama.
Ban taɓa rubuta ƙarya ba, na ce a hankali,
ko don ɗan sufeto.
Cima ta damƙi rairayin, ta murza a tafinta:
Wa ya ce ki yi ƙarya, Malama?
Da me muke dirje gindin tukunya?
Rubuta: Balki, kayan wanki.

Da la'asar muka dirje ta har ta nuna mana fuskokinmu,
karkatattu, masu faɗin hanci.
Muka yi dariya.
Balki ma ta yi, daga baya.

Bana fansho ya yi wata uku yana hanya.
Na sai da rediyo, na sai da zannuwa biyu.
Jiya da asuba na tsaya ƙofar gida da kwano,
na duba dama, na duba hagu,
na gangara ƙorama.
Ashe rairayi da nauyi.
Ashe hanyar nan da nake yi kullum
tana da tsawo haka.

Ƙafa ta hana Cima fitowa,
Balki ce a bayan labule.
Ta ɗaga faifai, ba ta ɗaga ido ba.
Ta ce: Kin kyauta, Malama,
tun shekaranjiya tukunyar nan ke neman wanki.
Ta turo mini littafina.

Na rubuta sunana a layin ƙarshe,
hannuna na rawa kamar na ɗan aji ɗaya.
A waje Zali na kiran a kawo ludayi,
wake ya nuna,
layi ya kai bakin gareji.